Muryar Mai Shelar Hillar Gwani

Shafi na 19

Wa ya kafa kamfanin Shela?

Na daɗe ina juya wannan tambaya, har yau ban sami amsar da za ta bar ni in huta ba. In ka shiga ofishinsu da ke bayan kasuwar hatsi ta Damazin, akwai allo a bango da rubutun Larabci mai ruwan zinare. Allon ya ce Injiniya Ziyad, ɗan wani babban jami'in ban ruwa a Wad Madani, shi ya kafa shi a Khartum a 2013, da suna Sautul Haƙal, wato Muryar Gona. In ka tambayi mutanen Hillar Gwani, wato ƙauyen Gwani, sai su nuna maka wata rumfar gyaran waya a kasuwar Suki, inda Abdulwahab ya koya wa kansa aikin kwamfuta ba tare da malami ba. Tsofaffin hillar kuwa cewa za su yi Malam Abdussalami ne.

Malam Abdussalami shi ne mai shelar hillar. Tun yana saurayi yake zagaya gida-gida yana sanar da ranar da za a saki ruwa a tura'a, magudanar da ke shayar da gonaki. Da ƙafa ta fara gaza masa, Abdulwahab ya naɗi muryarsa, ya haɗa wata tsohuwar kwamfuta da layukan waya, ta riƙa kiran manoma ɗaya bayan ɗaya tana yi musu shelar. Manyan gonaki suka ji labari, suka ce su ma suna so, don yawancin ma'aikatansu ba sa karanta saƙon rubutu. Ana nan Ziyad ya dawo daga jami'a da kwat da turare, ya ce a mai da abin kamfani.

Ziyad ɗan Malam Abdussalami ne na cikinsa. Allon bai faɗi wannan ba. Babban jami'in ban ruwan da allon ke nufi, tsoho ne mai ɗingishi da ke gadin famfo a wata gonar riɗi, yana kwana a ɗakin kwano da ke jikin famfon.

Masu turo mini saƙo kuna zagin Ziyad, kada ku ƙarar da zagin. Ku rage wa Abdulwahab nasa kaso.

*

Ustaz Mahadi, manajan gonar riɗin, ya ajiye kofin jabana, gahawar Sudan, a kan takardun Abdulwahab kamar tebur ɗin gidan ubansa ne.

"Sake kunna min," ya ce da Larabci.

Abdulwahab ya danna. Muryar ta fito daga lasifika, da Hausa, a dishe, ana jin ƙarar injin famfo a bayanta.

"A saurara jama'a, a saurara. Wanda ya ji shi gaya ma wanda bai ji ba. Gangunan maganin feshi, cikin ƙaramar tura'a ake wanke su, wadda hilla ke sha. Yara na zawo. Awaki sun mutu. Mun gaya ma wakilin gona, ya ce mu tafasa ruwan. Ni ban ce kowa mugu na ba. Na dai faɗi."

Abdulwahab ya runtse ido.

Shi ya ƙirƙiro wannan layin, shi ya sa masa suna Kunne. Ma'aikaci ya danna tara, ya faɗi damuwarsa, kwamfuta ta goge lambarsa, saƙon ya tafi kai tsaye wurin masu gonar a Khartum. Shi da ƙafarsa ya zagaya hilloli, ya tsaya a ƙofar masallatai yana rantsuwa cewa babu suna, babu lamba, babu mai ganewa.

Bai taɓa tunanin tsoho ba zai iya buɗe baki ba sai da kalmomin shela. An ce masa ya ɓoye kansa, shi kuwa ya fara da gaisuwar da ko yaron goye na Hillar Gwani ya san mai ita.

"Masu gona sun kira ni," in ji Mahadi. "Ni, da furfurata, wani yaro a Khartum yana tambayata ina ake wanke ganguna. Na tara mutanen hillarku a gindin bishiya, na kunna musu wannan. Ka san me suka ce?"

Mahadi ya kurɓi jabanarsa.

"Ba su gane ba. Dukansu. Rana ɗaya Allah Ya kurmantar da hilla guda." Ya yi dariya ta hanci. "Kai fa, mutumina? Kai ma ciwon ya kama ka?"

Ziyad yana tsaye jikin taga da hannu a aljihu. Ya yi murmushin nan nasa na masu sayar da kaya.

"Ustaz, ni ka san ba na jin yarensu sosai. Abdulwahab ne ɗan cikinsu. Zai taimaka."

Yarensu. Abdulwahab ya ɗago ya dube shi. Wannan bakin da ya ce "yarensu", da shi ya sha nono a Hillar Gwani, da shi ya yi kukan tuwo, da shi ya roƙi Abdulwahab aron keke.

"Lambar ta goge," in ji Abdulwahab. "Haka muka gina shi. Yana cikin yarjejeniyarmu da gonarku."

"Ban tambaye ka lamba ba. Kunnenka na tambaya."

"Kunnena ba ya cikin yarjejeniya."

"Ka san muryar ko ba ka sani ba?"

"Ba zan faɗi sunan kowa ba."

"Wato ka sani."

"Na ce ba zan faɗa ba."

Mahadi ya jingina da kujera, ya gyara rawaninsa.

"To bari in gaya maka yadda za a yi. Riɗi ya nuna. In ba a yanke shi cikin makon nan ba, zubewa zai yi a ƙasa. Ni ba na rasa hannu. Mota nake aikawa kudu, ta ciko min mutanen da ba su da waya, ba su da Kunne, ba su da baki. Ɗan Hillar Gwani ko ɗaya ba zai riƙe lauje a gonata bana ba."

Abdulwahab ya san abin da hakan ke nufi. Yankan riɗi shi ne abincin hillar har damina mai zuwa. Da shi ake cika rumbu, da shi ake rufe ɗakin da ruwa ya ci.

"In kuma aka ba ka suna?" Ziyad ne ya tambaya, a hankali, kamar mai tambayar farashin tumatir.

"Mutum ɗaya ya tafi, sauran su yi aikinsu. In yana zaune a ɗakin gona, ya kwashe tsummansa. Sannan in kai shi ga 'yan sanda, ya yi musu bayanin yadda ya san abin da ya kashe awaki, tunda likita ne."

"Gangunan fa?" in ji Abdulwahab. "Ana wanke su a tura'ar ko ba a yi?"

Mahadi ya dube shi kamar jaki ne ya yi magana.

"Injiniya, wannan abokin naka mai gyaran waya ne ko alƙali?"

"Ma'alesh, Ustaz, a yi haƙuri. Zafi ne."

Kiran sallar la'asar ya taso daga masallacin kasuwa. Mahadi ya miƙe, ya zaro carbi daga aljihun jallabiyarsa.

"Zan je in ba Allah haƙƙinSa. In na dawo ku ba ni nawa."

Ya fita yana jan carbi, cikinsa na gaba, shi yana biye.

*

Ziyad ya rufe ƙofa, ya murɗa makulli. Da ya juyo murmushin ya ɓace.

"Kai wane irin mahaukaci na?"

Da Hausa ya faɗa. Hausar hilla tsantsa, ba ko gyara.

Abdulwahab ya yi tafi sau ɗaya.

"Masha Allah. Injiniya ya koyi yarensu cikin minti guda."

"Bar wanga zance. Ba mu da lokaci."

"Ka saurari saƙon?"

"Tun shekaranjiya."

"Ka gane muryar?"

Ziyad ya ja tsaki.

"Muryar da ta tashe ni sallar asuba tun ina tsirara? Mi kake tambayata?"

Kwana biyu ke nan Abdulwahab yana ɗauke da abin shi kaɗai, yana tausayin Ziyad, yana cewa a ransa bawan Allah bai san ramin da yake haƙa wa ubansa ba. Ashe ya sani. Ya sani, ya ɗauko Mahadi a motarsa, ya kawo shi, ya dafa masa jabana.

"To mi kake so in yi? In faɗi sunan Baba a gabanka?"

"Wa ya ce ka faɗi sunanshi?" Ziyad ya matso, ya rage murya. "Mahadi suna yake so. Bai ce lalle sai na gaskiya ba. Ba shi jin Hausa, ba shi rarrabe muryar tsoho da ta wanda mura ta kama. Ka ce Ali na."

"Wane Ali?"

"Ali direban tarakta."

"Mijin Zainabu?"

"Shi."

"Mijin ƙanwata."

"Yaro na, da ƙarfinshi. Ya samu wani aiki a Abu Na'ama ko Sinnar. Kuma kowa ya san sun yi cacar baki da wakilin gona watan jiya. Maganar za ta zauna daram."

"Zainabu na da tsohon ciki."

"In ta haihu ni zan yi ragon suna."

Abdulwahab ya dube shi tun daga takalmin da ke sheƙi har zuwa gashin da aka kwantar da mai. Ya nemi ɗan Malam Abdussalami a cikin wannan kwat ɗin, bai same shi ba.

"'Yan sanda fa? Kai za ka kwana a ɗakinsu a madadin Ali?"

"Kwana ɗaya na, ko biyu. Ali ya jure. Tsoho ba shi jurewa. Kana son shi mutu a hannunsu?"

"Don tsoho kake yi, ko don wancan?" Ya nuna allon bango da haɓa.

Ziyad bai waiwaya ba.

"Duka biyu. Mi ne ne laifi in duka biyu na? In an kama shi za a tambayi iyalinshi. Gobe duk Damazin ta san Injiniya Ziyad ɗan mai gadin famfo na. Kana tsammanin masu gonakin nan za su sake zama da ni a tebur guda? Kana tsammanin don kyawun kwamfutarka sunka sa hannu? Don sun ɗauka ni ɗansu na. In sun gane, babu ni, babu kai, babu Shela."

"Babu Sautul Haƙal dai."

"Kira shi abin da kake so. Sanyin na'urar da kake sha yanzu, sunan ya kawo shi."

"Ka kashe ubanka da rai ka rubuta wani a bango."

"Ran da anka kafa allon, wa ya riƙe min tsani?"

Abdulwahab ya ɗaga kai ya dubi allon.

Shi ne ya riƙe. Shi ya miƙa ƙusa. Ya karanta rubutun tun daga farko har ƙarshe, ya ji ɗaci, sannan ya tuna rumfar Suki da ƙudanta da zafinta, ya haɗiye. Tun daga ranar yake wucewa ƙarƙashin allon safe da yamma, yana raina Ziyad a zuci, yana jin shi mutumin kirki ne saboda rainin. Mai arha ne irin wannan kirkin, bai taɓa cin masa komai ba sai yau.

"Ka gani?" in ji Ziyad. "Kada ka yi min wa'azi. Tare munka ci."

"Kira Baba."

"In ce mishi mi?"

"Ka gaya mishi yadda ake ciki. Shi ya yi magana, shi ya kamata shi zaɓa."

"Ba ni kira."

"Don mi?"

"Ka san abin da zai ce."

"Na sani. Cewa zai yi ku faɗi, ni na. Zai ɗauko sandarshi shi zo nan da ƙafarshi, shi tsaya gaban Mahadi shi sake yin shelar daga farko. Shi ya sa ba ka kira."

Ziyad ya share gumi daga goshinsa duk da sanyin ɗakin.

"Tsoho na, ba shi san duniya ba. Da ya san ta da bai danna tara ba."

"Ni na ce mishi shi danna. Ni na rantse mishi a ƙofar masallaci."

"To ka ga rantsuwarka inda ta kai mu."

Abdulwahab ya zaro wayarsa. Ziyad ya dafe hannun.

"Famfo na aiki yanzu, ba shi jin ƙarar waya. Ka sani, na sani. Kafin shi ɗauka Mahadi ya dawo."

Gaskiya ne. Abdulwahab ya kira duk da haka. Wayar ta yi ta ruri har ta katse. Ya sake. Ta sake katsewa.

"Ba ni faɗin sunan Ali," ya ce. "Ba ni faɗin na Baba. Ba ni faɗin na kowa. In Mahadi ya kori hilla, ni da kaina zan kira masu gona a Khartum."

"Su saurare ka? Kai wa? Kafin su gama shan shayi su duba maganarka riɗi ya zube, motar kudu ta zo ta koma."

"To shi zube."

Ziyad ya saki hannunsa, ya koma jikin taga, ya gyara wuyan rigarsa. Da ya sake magana muryarsa ta kwanta, irin ta mutumin da ya gama lissafinsa tun a gida.

"Khalas, shi ke nan. Yi shirunka. Ni zan faɗa."

"Ka faɗi mi?"

"Tun a mota na gaya mishi ina zargin wani direba. Yanzu in ya shigo sai in ce na matsa ka, ka ƙi magana don surukinka na. Shirun da ka yi ɗazu shi ne shaidata. Mi zai hana mutum faɗin suna in ba nashi ba ne?"

Abdulwahab ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi.

"Ziyad."

"Na'am."

"Zainabu ta goya ɗiyarka ran da matarka ta kwanta asibiti."

"Na sani. Na ce zan yi ragon suna."

Sai a lokacin Abdulwahab ya gane dalilin da ya sa aka kawo Mahadi ofis maimakon a gama maganar a gona. Ba bakinsa Ziyad ke bukata ba. Ƙin maganarsa yake bukata, a gaban shaida. Ya san Abdulwahab ciki da waje, ya san zai ƙi, ya san zai ƙi da girman kai, sai ya gina ƙaryarsa a kan wannan ƙin kamar yadda ya gina kamfani a kan muryar ubansa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ziyad ya murɗa makulli, murmushin ya dawo wurinsa kamar an kunna fitila.

"Taƙabbalallah, Ustaz."

"Minna wa minkum." Mahadi ya shigo da sauran ruwan alwala a gemu, ya zauna, ya dubi kujerar da ke ƙasa, ya dubi Abdulwahab. "Na ga an yi shawara. To?"

Abdulwahab yana tsaye, hannuwansa a kan tebur.

Tunda aka haife shi bai taɓa kiran sunan tsohon ba. Ba a yi. Baba yake cewa, ko Malam, ko Baba na Tura'a in ana son a bambanta. Mutumin nan shi ya yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi, don ubansa yana can wurin tsinkar auduga a Jazira. Shi ya zauna a rumfar Suki yana maimaita shela cikin waya har muryarsa ta dishe, yana dariya yana cewa, ɗana, yanzu ko na mutu ruwa ba shi wuce kowa.

"Ustaz," in ji Ziyad da Larabcinsa mai santsi, "abin da na gaya maka a mota ya tabbata. Abokina yana jin nauyi ne, kuma ban ga laifinsa ba, don abin ya shafi gidansu. Direban tarakta ne, mijin ƙanwarsa. Sunansa..."

"Abdussalami."

Abdulwahab ne ya faɗa.

Sunan ya fito tsirara, ba Malam, ba Baba. Abdulwahab ya ji shi a kunnensa kamar wani ne ya faɗa. Ya so ya ce don Ali ya yi, don cikin Zainabu, don rumbunan hilla. Watakila haka ne. Amma ya ga yadda fuskar Ziyad ta zube, kuma a ƙarƙashin harshensa ya ji wani zaƙi da bai yi kama da tausayin kowa ba.

Mahadi ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Direban ne Abdussalami?"

"Babu direba. Mai gadin famfon ƙaramar tura'a."

"Tsohon nan mai ɗingishi?" Mahadi ya yi dariya har carbinsa ya faɗi a cinya. "Wannan da ko gaisuwa ba ya iyawa sai ya ɗaga murya? Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Ustaz, ya ruɗe ne," in ji Ziyad. Muryarsa ta sirance. "Surukinsa yake karewa, shi ya sa ya jefo sunan wani tsoho da ba shi da kowa."

"Ba shi da kowa?" Mahadi ya juyo wurin Abdulwahab. "Haka ne? Don ba na son gobe wasu su cika min ofis da kuka. Tsohon yana da 'ya'ya?"

Abdulwahab ya ɗaga hannu daga tebur, ya miƙa yatsa wajen Ziyad.

"Ga babban nan a tsaye."